Gurbin Suna

Shekara ashirin da bakwai Inna mai buga takardu ta yi a ofishin masana'antar rini, a tebur ɗaya, jikin tagar da ke kallon rafi. A kan idonta ruwan ya sauya, yau shuɗi, gobe ja, har tsuntsaye suka daina sauka. Duk wasiƙar da ta ce ruwan lafiya lau yake, yatsunta ne suka buga ta.

Ranar da hannuwan 'yarta suka feso da ƙuraje bayan wanki a rafin, ta ƙudurta kai ƙara hukumar tsafta a ɓoye. Ƙaninta ya sa mata manhajar VPN a waya.

"Yaya, kunna wannan kawai. Ko aljani ba zai san inda kika shiga ba."

Ranar Talata ta jira ƙarfe ɗaya, kowa ya fita cin abinci. Ita dama a teburinta take ci. Ta hau intanet ɗin ofis, ta kunna manhajar, ta tura wa hukumar hotunan takardun masana'antar.

Bayan mako biyu masu bincike suka zo. Tun daga ranar, ko ƙofa ce ta motsa sai ta waiga. Shekara uku suka rage mata ta yi ritaya da mutuncinta.

Mai kula da kwamfutocin ofis ya tsaya gefenta, kamar mai duba firinta, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, ban ga abin da aka tura ba, ban ga inda aka tura ba. Amma na'urata ta nuna ranar Talata, ɗaya da minti goma, wata waya ta kunna VPN a nan."

"To, wayata ce kaɗai a duniya?"

"A ofis dai, a lokacin, ita kaɗai ce. VPN mayafi ne, Inna. Fuska yake rufewa, amma ana ganin wucewar mai shi. Manaja ya ce in kai masa bayanin kafin a tashi."

Can sai manaja ya leƙo.

"Inna, buga min takardar sallama. Ki bar gurbin suna."

Ta buga ta tsaf, ko kuskure ɗaya babu. Ta kai masa a tsaye. Ya karɓa bai ɗago ba, ya cire murfin biro, ya ce ta turo masa mai kwamfuta da bayanin.