Bulus a Ƙofar Coci

Ranar Lahadi ce. Ƙarfe shida na dama koko, mijina Bulus yana gugar farar rigarsa yana tsokanata wai kokon ya yi tsami. Malamin firamare ne a Samaru, inda muke haya. Ranar shi da abokinsa Ishaya ke da aikin duba motoci a ƙofar cocinmu da ke Sabon Gari.

Ƙarfe takwas muka isa. Na shiga wajen zumuntar mata, shi ya tsaya a waje.

Tara saura kwata muna waƙar baiko, ana tara sadaka. Na ji ƙarar taya a kan kwalta, sannan muryar Bulus: "Tsaya! Kai, tsaya!" Sai ƙasa ta girgiza. Gilasan tagogi suka zubo mana. Kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakuna a buɗe, ba na jin komai.

Na sami Bulus zaune cikin kwata, takalmi ɗaya a ƙafarsa, ko ƙwarzane babu. Ishaya yana kwance taku biyar daga inda yake, babu rai. Na kawar da fuskar Bulus daga gawar, na ɗaga shi.

Kafin ƙarfe goma gari ya rikice. An tare titi, hayaƙin taya ko'ina. Ba mota, ba acaɓa. Muka bi lungu muka ɓulle gefen layin dogo, ina janye da hannunsa. Wata tsohuwa mai sayar da itace ta leƙo daga zaure.

"Ku shigo! Maza!"

Ta yafa mini mayafinta, ta ba mu ruwa. Bulus ya riƙe kofin har ƙarfe huɗu bai sha ba. Da harbi ya lafa muka taka a ƙafa zuwa Samaru. Bayan kwana uku muka tafi ƙauyensu.

Wata biyu muka yi muka dawo. Ya koma makaranta. Kwana na huɗu iska ta buga ƙofar aji, ɗalibai suka ga malaminsu a ƙarƙashin tebur. Bai sake zuwa ba.

In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ya miƙe, gumi ya jiƙa shi. Yana cikin cin tuwo sai ya ajiye loma, ya dube ni.

"Maman Ladi, da na rufe ƙofar cocin nan da wuri fa?"

"Ba laifinka ba ne, Malam."

Ya gyaɗa kai. Gobe ya sake tambaya.

Wasu suka ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Likita ya ce ciwo ne, ya ba shi magani, muna komawa duk wata. Yanzu yana noma 'yar gona a Zabi, yana ɗan yin barci.

Duk shekara ana karanta sunayen waɗanda suka mutu a coci. Ni kaɗai nake zuwa. Matar Ishaya takan tambaye ni ya mai jiki. Nakan ce da sauƙi.