Sansanin da Mushe Isufu Bai Kai Ba

Duk wanda ya zauna da mu a Al Nahda ya san Mushe Isufu ba ya shiga lif. Gidanmu hawa na tara ne fa! Amma ko a tsakiyar zafin Dubai, lokacin da mutum ke jin kamar an kifa masa tukunya, sai mu tsaya jiran lif, shi kuma ya nufi matakala, jallabiya a jiki, ƙaton takalmin masu hawan dutse a ƙafa. Mu isa, mu watsa ruwa, mu ɗora shayi, sannan a jiyo shi yana tahowa yana lallashin gwiwoyinsa: "Dusma, dusma." Wai a hankali ke nan da Faransanci.

Ranar da aka fara haɗa mu na ji 'yan Nijar suna ce masa Mushe, na ce, "Subhanallahi! Mutum da ransa?" Aka ce ai haka suke kiran malamin makaranta a can. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano ne ko? Ku ƙyale shi. Tun zamanin kakanni ba su warke daga tsoronmu ba." Shi Badamagare, ni Bakano, kun san sauran. Daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, Bakano kawai.

Ya yi karatu a Grenoble ta Faransa da ƙuruciyarsa, ya koyar a Zinder, daga baya ya zo nan yana haɗa wa 'yan kasuwa kago, wato kayan da ake aika musu gida. To, ɗaurin kayan nan nasa shi ne bala'i. Ba ya yarda da salatif shi kaɗai, sai ya bi kwali da igiya, ya yi irin ƙullin da masu hawan tsauni ke rataya ransu a kai. Wata rana Hajiya Uwani ta bugo daga Kantin Kwari, muna zaune, ya buɗe murya kowa na ji.

"Mushe, kaya sun iso lafiya, amma wallahi ƙarti huɗu sun kasa kwance ɗaurinka. Sai wuƙa muka sa."

Ya miƙe tsaye. "Kun yanka igiya?"

"To ya za mu yi?"

"Hajiya, ba a yanka igiya! Bakinta ɗaya za ki ja, ta saki da kanta!"

Ta ce, "To ka riƙa shiga cikin kwantenar kana biyo kayan mana."

Kwana ya yi ba ya cin abinci da daɗi. Ba asarar igiyar ce ta dame shi ba, a'a, rashin tarbiyyar Kanawa.

Maganar abinci kuwa, wa zai manta da Juma'a? In mun sauko daga masallaci muka sayo shinkafar mandi a Bur Dubai, aka juye a babban faranti, ba mai sa hannu sai Mushe ya gama gini. Ya tattara shinkafar ta yi tsini, ya ɗora tsoka a kai. Shinkafa ita ce tsaunin, can kan iyakar Faransa da Italiya. Tsokar kuma wani tsohon sansanin soja ne da aka gina da dutse a ƙoli tun lokacin yaƙi. Sai ya ɗauki cokali yana zana hanyoyi.

"Hanya uku ce. Wannan ta alfadarai, da ita ake kai wa sojoji abinci. Doguwa ce, amma ko tsohuwa ta bi. Wannan ta doron dutse, rami dama rami hagu. Wannan kuma ta arewa, inda sojoji suka kafa tsanin ƙarfe a jikin dutse. In ka dubi ƙasa a nan..."

"Yalla, Mushe, abinci na hucewa!"

"Shwayya, habibi, a hankali. Ba a gaggawa a tsauni."

Wata Juma'a yana tsakiyar hanyar arewa, Alhaji Bala mai wayoyi, da yunwa ta gama cinye shi, ya miƙa hannu ya ɗauke tsokar ya jefa a baki. Mushe ya ajiye cokali ya ce, "Jama'a, ku shaida. Abin da sojan Italiya da na Jamus suka kasa, Alhaji Bala ya yi shi da hannu ɗaya."

Mun yi dariya har da hawaye. Amma a ranar ne, bayan kowa ya watse muna wanke faranti, na ce masa, "Wai Mushe, me ka ajiye a sansanin nan ne?"

Yana cuɗa faranti ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda Faransa ta kwasa soja a yaƙin duniya na biyu. A wannan sansanin aka ajiye su har sanyi ya kama su, ya dawo Zinder babu yatsun ƙafa biyu. Tsohon ba ya labarin yaƙi, abu ɗaya kawai yake faɗa: akwai wani ɗaki a ƙasan ginin inda ya sa ƙusa ya karce alƙibla a bango, su da 'yan'uwansa Musulmi suke salla a wurin. Da Mushe zai tafi karatu, tsohon ya ce masa, "In ka samu hali, ka je ka yi raka'a biyu a ɗakin nan. Akwai waɗanda muka yi salla tare ba su sauko ba."

"Ka je?"

"Na je. Da ni da wani abokina Bafaranshe. Ya ce mu bi ta alfadarai, na ce ni ɗan soja ne, ta arewa za mu bi. Bakano, har tagogin ginin na hango, 'yan sirara kamar idon mage. Sai gajimare ya sauko, ko hannunka ba ka gani. Abokina ya ja igiya ya ce mu koma. Na ce to, baɗi. Kafin baɗi karatu ya ƙare, Baba ma ya rasu." Ya kife farantin. "Da na bi hanyar alfadarai da na kai."

Kowace shekara sai ya ce bana zai koma. Sai ga kuɗin makarantar yara, sai ga auren 'yarsa, sai ga kwantena ta maƙale a tasha. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama bana.

Da aka buɗe wurin wasan dusar ƙanƙarar nan a cikin babban kanti, muka ce bari mu kai shi ko ya rage zafi. Aka miƙa masa rigar sanyi ya ƙi karɓa, wai raini ne. Ya shiga, ya damƙi ƙanƙarar, ya sansana, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Wannan firij ne. Tun yaushe tsauni yake da silin?"

Muka ce kalas, mu tafi ke nan. Ina! Mu sanyi ya koro mu waje, muka tsaya bayan gilashi muna kallonsa. Yana tsaye a gefe, yaran Larabawa na ta zamewa ta gabansa, shi kuma ya riƙe ƙanƙara a tafin hannu har ta narke, ya sake ɗiba. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya ce sanyi ne. Ba wanda ya musa.

Shekarar da komai ya daidaita, har bizar Faransa ta fito, sai ƙirji ya fara yi masa nauyi. Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ba shi ba hawan tudu. Mushe ya ce, "Likita, ni da nake hawa tara kullum da ƙafata?" Likita ya ce, "Shi ma daga yau an hana. Ka shiga lif." Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya tattara kayansa ya koma Al Karama, wurin wasu 'yan Maraɗi da ke zaune a hawan ƙasa. Ya gwammace ya bar mu da ya shiga lif!

Dab da zai koma gida ya ce in kai shi garin Hatta, can wajen birni, ya ga duwatsu. Muka tafi mu biyu. Akwai wata tsohuwar hasumiyar tsaro a kan ɗan tudu, yana ganinta ya buɗe ƙofar mota. Na ce, "Mushe, likita fa?" Ya ce, "Wannan tudu ne? Kunyar gona ce."

Ya hau, yana tsayawa yana hutawa, ina biye da shi a baya. Da muka kai gindin hasumiyar ya tambaye ni alƙibla, ya shimfiɗa rawaninsa, ya yi raka'a biyu. Ya daɗe a sujada ta ƙarshe. Da ya sallame ya jingina da bango yana kallon duwatsun, baƙaƙe, ba ko ciyawa.

"Ba shi ba ne, Bakano," in ji shi. "Amma da nan aka kawo Baba, da ya koma gida da yatsunsa."

A gangarowa ya dafa kafaɗata. Ban taɓa ganin ya dafa wani ba sai ranar.

Ya tafi Zinder kafin azumi. Bayan ƙaramar salla ɗansa ya bugo mini ya ce Allah Ya yi wa Mushe rasuwa. Har yau in jirgi ya bi da ni ta saman duwatsu, sai in tsinci kaina na manna goshi a taga ina duba ƙolinsu, ko zan hango gini.

Allah Ya jiƙan Mushe Isufu, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya karɓi raka'o'in nan biyu a inda aka yi niyyarsu, Ya haɗa shi da mahaifinsa da waɗanda ba su sauko ba, a gidan da babu sanyi babu zafi. Amin.