Gefe Na Huɗu

A gidanmu na Gadarif ba a gama bargo. Ana haɗa ƙyallaye, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa tsohon tob, wato mayafin matan nan, daga ƙasa, a bi shi da allura layi-layi, sannan a kalmashe gefe uku tsaf. Gefe na huɗu kuwa sai a bar shi haka nan, zare na reto, auduga na leƙe. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: mu matafiya ne, sai an isa ake rufewa.

Kakan kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya a nan don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. Daminar nan har yau ba ta ƙare ba. Mun yi gonakin dawa da riɗi a Simsim, mun gina ɗakunan bulo kusa da tsofaffin bukkoki, muna da layinmu guda a maƙabarta, amma duk da haka muna kan hanya. Har waɗanda suka je hajjin a jirgi suka dawo ba su rufe nasu bargon ba, wai niyyar ta tsohon ce, shi kuwa da ƙafa ya yi niyya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji su. Ragowar karin maganar ce ba sa son a ƙarasa musu.

Ni kuwa ƙarasawa ce sana'ata. Shekara goma sha tara ina koyar da ɗinki a wata makarantar 'yan mata a Khartum, da awon roba a wuyana da jan alli a aljihu, kuma duk yarinyar da ta bi ta hannuna ta haddace dokata: aikin da ba a gama ba, ba aiki ba ne. In na zo gida hutun salla, nakan ɗaga bargon Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da yatsu biyu, in tambaye ta ko allura ce ta yi tsada a Gadarif. Ita kuma ta ce, "Ustaza ta iso, a ɓoye tsummoki." Ustaza na nufin malama, amma yadda Gwaggo ke jan kalmar, ban taɓa jin ta a matsayin yabo ba.

Sai yaƙi ya tashi a Khartum. Na kulle gidana, na rataya makulli a wuya, na kama hannun 'yata, wadda ita kaɗai Allah ya ba ni kafin mahaifinta ya rasu, muka tafi Madani. Na ce mata mako biyu za mu yi. Muna can wata takwas yaƙin ya biyo mu, muka sake hawa mota. Muka iso Gadarif cikin sanyi, da jaka ɗaya, kuma abin da Gwaggo ta fara jefa mana a kan gado shi ne bargon nan nata mai buɗaɗɗen gefe. Na rufa da shi. Ita kuwa na ga abin ya yi mata daɗi.

'Yata tana da shekara tara a lokacin. Na ce mata a nan ma mako biyu za mu yi, kuma ba da wasa nake faɗa ba, na yarda da maganar har zuciyata. Jakarmu na ƙarƙashin gado a ɗaure, kullum in mun wanke kaya cikinta suke komawa. Da kazar Gwaggo ta ƙyanƙyashe, yarinyar ta roƙi a ba ta ɗan tsako ɗaya ya zama nata, na ce wa zai riƙe mata kaza a cikin bas. Da damina ta faɗi, baƙar lakar garin nan ta fara cire wa mutane takalma, ta so ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki, na ce ba za mu kai lokacin cinta ba. Da aka sake buɗe makarantu, na ƙi kai sunanta, na ce tata makarantar na can na jiranta. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Ta dai daina roƙo, ni kuma na ɗauka hankali ta yi.

Zaman banza ne ya fara isata. Unguwar cike take da yaran waɗanda suka gudo irinmu, suna yawo daga inuwa zuwa inuwa, sai na tara 'yan mata bakwai a ƙarƙashin rumfar gida, har da tawa, na ce zan koya musu ɗinki. Awon roba ya koma wuyana kusa da makulli. Na koya musu zura zare, da riƙon allura, da yadda ake yin ɗinki goma a tsawon ɗan yatsa, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na hana lasar zare, na hana yanke shi da haƙori. Gwaggo na zaune a bakin rumfa tana soya bunni, wato 'ya'yan gahawarta, tana awon nata ƙyallen da taƙin hannu, tana lasar zarenta, tana datse shi da haƙoran da suka rage mata, kuma yaran nan duk ita suke kallo. A bakinta suka ji labarin gefe na huɗu, ni ina gefe ina gyaran murya.

Sauran yaran jakunkuna da 'yan tsana suka yi. Tawa ta ce bargo take so, nata na kanta, kafin sanyi ya dawo. Na yarda, don bargo ana iya naɗe shi a sa a jaka.

Wata huɗu ta yi a kansa. Ta yanka rigar makarantarta ta Khartum, wadda ta riga ta yi mata kaɗan. Ta sa labulen da muka ƙunso kaya a ciki, da tob ɗina da ya yage a motar Madani, da hannun jallabiyar babanta. Gwaggo ta ƙara mata wani farin yadin Habasha mai ado a baki da ta saya a Gallabat tun ina budurwa, ta kuma aika aka kawo mata auduga daga Fau. Yarinyar nan ta soki yatsunta har suka yi kanta. Ina kallonta tana aiki harshe a waje, ina jin alfahari, domin hannuna ne sak. Ta kalmashe gefe na ɗaya, na biyu, na uku, ban kushe ko ɗaya ba.

Ranar da ta gama gefe na huɗu ta kawo min, na ɗaga shi a haske na ce ɗinkin ya karkace daga tsakiya. Ya ɗan karkace ɗin, ba ƙarya na yi ba, ko da yake gefe na biyu ya fi shi karkacewa kuma na wuce shi. Na ba ta allura na ce ta warware. Ta warware, ta sake. Kwana uku ya ɗauke ta.

Karo na biyu na ce zaren ya yi duhu, bai dace da yadin ba. Ta dube ni ta ce shi ne wanda ta yi sauran gefen da shi. Na ce to ai shi ya sa, kuskure uku sun isa. Gwaggo ta kurɓi gahawarta da ƙara, irin kurɓar da ke nufin magana, na yi kamar ban ji ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Karo na uku yarinyar ta zauna ta yi ɗinkin da ban taɓa ganin irinsa a hannun ɗaliba ba. Ta ajiye min shi a kan gado bayan la'asar, ta ɗauki jarka ta bi ƙawayenta ɗebo ruwa. Na auna shi da awo. Na juya shi ta baya. Na ja shi da ƙarfi ko zai buɗe. Babu aibi ko ɗaya, kuma maimakon farin ciki sai na ji gabana ya faɗi. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ga dai hannuna ya ɗauki allura ya zura ta ƙarƙashin ɗinkin farko, ya ja. Na riga na shirya abin da zan ce mata, cewa zaren kasuwar nan ruɓaɓɓe ne, da kansa ya tsinke.

Na kai rabi sai na ga inuwa a ƙofa. Gwaggo ce, da butarta a hannu.

"Mabruk, Ustaza, barka," in ji ta. "Kin shigo addinin gidan."

Na ce mata gyara nake yi.

"Kwayyis, da kyau. Gyara." Ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba. "Shekara nawa kina mana dariya? Mu dai gefe ɗaya muka bari. Sauran ukun mun rufe, mun yi gona, mun yi ɗaki, mun aurar, mun binne. Ke fa? Kin hana yarinya kaza, kin hana ta kuɓewa, kin hana ta madrasa. Naki bargon duk gefe huɗun a buɗe suke, ya bitti, ke 'yata, kuma ba ke kike jin sanyin ba."

Na so in ba ta amsa. Ina da amsoshi, shekara goma sha tara ina ba wa iyayen yara amsa. Amma laifi tudu ne, kuma a ranar na ga wanda nake tsaye a kai. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In yarinyar nan ta rufe bargonta, to ta zama 'yar Gadarif, ni kuma makullin da ke wuyana ya zama ƙarfe kawai. Ban san ko gidan da yake buɗewa na nan tsaye ba, ba na kuma son in sani.

A haka 'yata ta shigo, gaban rigarta jiƙe da ruwa. Ta ga bargon a cinyata, ta ga zaren da na zare a ƙasa, ta ga allurar a hannuna. Ƙaryar da na shirya ta maƙale. Ta sake duban zaren ta yi magana, kuma ba da fushi ta yi ta ba, da ma fushin ta yi da ya fi min sauƙi.

"Yumma, me na ɓata wannan karon?" in ji ta, da sunan da ake kiran uwa a nan.

Na ce ba ta ɓata komai ba.

"To Habboba ta ce wanda bai iso ba shi ke barin nasa a buɗe." Habboba take kiran Gwaggo, kamar yadda yaran nan ke kiran kakanninsu. "Ni na gaji da hanya, Yumma. Ina so in iso."

Kunyar da na ji a lokacin ban taɓa jin irinta ba, kuma ban ga amfanin ɓoye ta a nan ba. Na nemi zare, na yi ƙoƙarin zura shi, ramin allurar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sau uku ina kuskurewa. Gwaggo ta ce, "Lasa shi, Ustaza, ba wanda zai kai ƙararki." Na lasa, ya shiga. Na miƙa wa yarinyar, na kama mata yadin da hannu biyu na ja shi ya miƙe, ta fara daga inda na tsaya da ɓarna. Ba ta tsaya awo ba, ɗinkin ya fito manya-manya, wani ya hau wani, a karkace daga farko har ƙarshe. Da a aji ne da sifili zan ba shi. Da ta kai ƙarshe ta ƙulla, ta dubi almakashi, ta dube ni, sannan ta sunkuya ta datse zaren da haƙori.

Washegari da safe na ciro kayanmu daga jaka na jera su a kan kantar ɗaki. Na kai sunanta makarantar bayan kasuwa, inda malamar ta tambaye ni me ya sa muka makara haka, na ce ciwo na yi. Kazar Gwaggo ta sake ƙyanƙyasa kafin sanyi, aka ba yarinyar 'yan tsaki biyu, yanzu kajinta sun fi na Gwaggo yawa, suna kuma cinye kuɓewar da ta shuka, abin da ke jawo shari'a kowace safiya tsakaninta da kanta.

Bargonta shi kaɗai ne rufaffe a gidan nan tun zuwan kakan kakanmu. 'Yan uwa in sun zo daga Simsim sai su ɗaga shi su yi ta juyawa, wasu su ce an karya al'ada, Gwaggo ta ce musu yarinya ta riga su isa, su yi ta sannu.

Ni ma na haɗa nawa daga baya, da ragowar ƙyallayen ɗalibaina. Ɗinki goma a tsawon yatsa, layi a miƙe, ba abin da mai awo zai kama. Na gama gefe uku tun bara. Jiya 'yata ta same ni ina shanya shi a igiya, ta kama gefe na huɗu, ta tura audugar da ta leƙo ciki da yatsa.

"In kin shirya, Yumma, ki faɗa min," in ji ta. "Zan riƙe miki."