Ranar da Na Karanta wa Surukata Tallan Maganin Maza

Shekarun baya, a wata kaka da Allah ya ba mu wake fiye da yadda muka zata, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da aka kawo ni gidan miji. Yau da dariya nake ba ku labarin, amma a lokacin har tuwo ya fita raina.

Ni ban yi lakol, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da yarana suka tasa na shiga karatun manya a ƙauyenmu, nan ƙasar Bande. Mushe, wato malamin da ya koyar da mu, yana da doka guda: ba a tsallake layi. Ki sa yatsa a kan shafi, ki bi shi har ƙasa, kina faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Haka na koya, haka bakina ya saba.

Da babbar 'yata za ta tafi Damagaram karatun aikin jinya, sai ta bar mini tsohuwar wayarta, ta nuna mini yadda ake neman rubutun Hausa a intanet. A hankali ya zama duk Alhamis bayan la'asar matan unguwa suna taruwa a tsakar gidan surukata, mahaifiyar maigidana, wadda muke ce wa Iya. Su suna ɓarar gyaɗa a gindin bishiyar dogon yaro, ni ina karanta musu abin da na samo, na rainon yara ne, na kiwon kaji ne. Kuma ba don inuwa aka zaɓi gidan Iya ba. Ita ce babba a unguwa, ba namijin da zai hana matarsa zuwa wurinta. In ta rufe ƙofarta, zaman ya mutu.

Ranar da abin ya faru, ina karanta musu yadda ake ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ƙwari ba sa rayuwa cikinsa ko ba a sa magani ba. Na wuce inda aka ce a shanya wake ya bushe ƙarau. Yatsana ya sauka layi na gaba, ni kuwa na bi shi da muryar nan tawa ta karatu, a natse, baƙi bayan baƙi:

"Maigida, in ƙarfinka ya ragu, uwargida ta fara juya maka baya, ga maganin da zai mayar da kai ango."

Sai da na kai ƙarshe kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Hannuwa suka tsaya cikin ƙwarya. Matar liman ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙawata, wadda muka yi karatun manya tare, ta duƙa kamar tana neman gyaɗar da ta faɗi, kafaɗunta suna rawa.

Iya ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ita ba ta karatu, amma idonta lafiya lau. A ƙarƙashin rubutun kuwa ga hoton wata mata, tufafin jikinta duka ba su kai ɗankwali ba. Iya ta daɗe tana kallo.

"Wannan ce malamar waken?" ta ce.

Ta ajiye wayar a bakin tabarma da 'yan yatsu biyu, ta ce daga yau abin nan ba zai ƙara magana a gidanta ba.

Maigidana mutum ne mai sanyi, bai yi faɗa ba. Ya ce ya san ba ni na rubuta ba, amma maganar Iya ba a ja da ita. A rijiya kuwa na samu sabon suna. In na sauke guga sai ƙawata ta ce a ba likita hanya, tana da marasa lafiya suna jira. Da maganar wake ce kawai, da na bi matan gida-gida na faɗa musu da baki. Zaman Alhamis da ya mutu ne ya dame ni. Nan ne kaɗai karatun da na sha wahala a kansa yake amfanar wani bayan ni.

Na aika wa 'yata saƙon murya na faɗa mata komai. Sai da ta gama dariyarta, har da tari, sannan ta ce wannan talla ne, masu shafin ake biya su cusa shi tsakiyar rubutu. Ta ce akwai ƙananan abubuwa da ake sa wa waya, aplikasiyo, waɗanda aikinsu toshe talla.

Ran kasuwa na hau amalanke na je wurin mai cajin waya. Ya sa mini wani mai hoton garkuwa, ya rantse ko sauro ba zai wuce ba. Kafin in iso gida garkuwar ta fara tallan kanta. Ina ɗaga waya in duba lokacin salla, sai ga caca. Wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, forfen, wato kuɗin intanet da na sa, yana zuba ba karatu. Ashe wanda na ɗauko gadi shi ne ɗan tallan. 'Yata ta ce in danne shi da yatsa in jefar, na jefar.

Daga nan na ce ni da kaina zan zaɓa. Wani da na ɗauko, tun kafin ya fara aiki ya jero mini tambayoyi da Faransanci, kowace da wurin dannawa. Mai caji ya taɓa ce mini irin waɗannan danna kawai ake yi a wuce. Amma ni ɗalibar mushe ce, ba na wuce layin da ban karanta ba. Na riƙa haɗa baƙaƙen Faransancin nan da bakin Hausa ina aika wa 'yata. Ta ce wallahi ko Bafaranshen da ya rubuta ba zai gane yarensa ba, amma ita ta gane: yana neman izinin ganin hotunana, da lambobin mutanena, da saƙonnina. Na ce to me ya haɗa mai hana talla da hotunan bikin ƙanwata? Shi ma ya bi na farko.

Ina tankaɗe wata safiya dabara ta zo mini. Iya da kanta ta koya mini, ina amarya, cewa in za ki sayi rariya ki tafi da ɗan gari a ƙulle, ki zuba ki gani, kada ki tsaya jin bakin mai sayarwa. To ni ma ina da garin gwaji, wato shafin waken nan da ya kunyata ni. Duk wanda na sa, sai in buɗe shafin in bi shi daga sama har ƙasa. Wani ya bar matar tana nan daram. Wani ya kore ta, amma ya haɗa da hotunan buhun duka, har da wanda ke nuna yadda ake ɗaure leda, ya bar mini shafi fari fat. Rariyar da ta riƙe tsaki ta riƙe gari, me za a yi da ita?

Wanda ya zauna, wata abokiyar karatun 'yata ce ta ba da shawararsa. Shi ba ƙari ba ne da ake liƙa wa waya. Ƙofar shiga intanet ɗin ce ake sakewa gaba ɗaya, da mai toshe tallan a jikinta. Bai tambaye ni hoto ba, bai tambaye ni lamba ba. Na buɗe shafin wake: rubutu yana nan, buhu yana nan, mata ta tafi. Ko da reso, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, shafin yakan buɗe da sauri fiye da da. Ban yi gaggawa ba. Na yi kwanaki ina kai shi shafukan labarai da na san sun fi kowa ƙazantar talla, sai da raina ya kwanta.

Sannan na je gaida Iya da hantsi. Na durƙusa, muka gama gaisuwa, na ce mata na sake wa wayar rariya. Ta dube ni ta gefen ido ta ce in kawo gari a gani. Na buɗe shafin na miƙa mata, na nuna mata yadda ake ja da yatsa. Ta ja a hankali har ƙasa, ta koma sama, ta sake saukowa. Har juya wayar ta yi ta duba bayanta.

"Ina matar nan?"

"An hana ta shigowa, Iya."

"Wa ya hana ta?"

"Ni."

Ta juya goron bakinta. Can ta ce in faɗa wa matan su zo Alhamis, amma da sharaɗi: ido ya riƙa shiga gaba, baki ya biyo baya.

Alhamis ɗin nan tabarmi ba su isa ba. Na karanta yadda ake matse iska, a ɗaure ledar ciki ita kaɗai, a ɗaure ta biyu, sannan buhun waje. Ƙawata ta ɗaga hannu kamar a aji, ta tambaya ko likita ta rufe asibiti ke nan. Iya ta ce wadda mijinta ke da larura ta same ni a gida, nan wake ake yi. Matar liman ta yi dariya har da hawaye. A shekarar Iya ta zuba rabin wakenta a toka yadda ta gada, rabi a buhu. Da bazara aka buɗe na buhun, ko huda ɗaya babu, kuma ita ta fara nuna wa mutane.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, dokar mushe ce ta jefa ni, ita ce kuma ta fid da ni. Har yau ba na danna abin da ban karanta ba, ba na kuma yarda da mai toshe talla don hoton garkuwarsa, sai na gwada shi a shafin da na san halinsa. Jefi-jefi wani tallan yakan sulalo, amma yanzu idona yana riga bakina isa.

Iya ta tsufa sosai, sai an riƙo ta take fitowa gindin dogon yaro. Amma duk Alhamis, kafin in buɗe baki, sai ta tambaya.

"Matar nan ba ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba, Iya."

"To, karanta."