Shayi Na Uku Da Mushe Dogo

Jiya da la'asar ina hura gawayin shayi, sai na hango Mushe Dogo ("Monsieur" ne muke cewa Mushe) tsugune shi kaɗai yana rubutu a yashi.

Mutumin Polan ne, makaniken injin da ke haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a arewacin Tenhya, ni kuma mai dafa wa ma'aikatan shayi. Da su biyu ne baƙin, shi da wani dattijo Baturke, ba mai jin yaren wani. Hirarsu ita ce ɗaya ya rubuta kalma a ƙasa, kowa ya nuna ma'anarta a garinsu. Ran da suka rubuta "bal", Baturke ya lashi yatsa, wai zuma. Dogo ya miƙe ya taka rawa. Har Buzayen da ke wucewa sun yi dariya.

Da ciwo ya kama Baturke aka tafi da shi Damagaram. Tun daga nan Dogo ya rage cin abinci, kofi ɗaya yake sha ya shige mota.

Jiya da ya sha kofi ɗaya ya yunƙura zai tashi, na ce, "Mushe, a nan ba a tashi sai an sha na uku."

Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Magana babu, Sani. Zama don me?"

Na ce, "Ni ma tun da na baro Tarka ba wanda ya tambaye ni ya gida. Zauna."

Ya zauna, muka sha na uku har buta ta huce. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya gida?"



Ku da kuka taɓa baƙunta, wa ya fara tambayar ku gida?