Kallon Da Ta Yi Masa a Bencin Asibiti

Shi ya tashi ya ba Hadizatu wurinsa a bencin asibiti, alhali shi ne mai ɗinki a ciki. Dogo ne, rigar leburan Bakolori sai lilo take a jikinsa. An yi masa aikin ciwon daji a tumbi, yau kuma an ɗibi jininsa, wai shi zai nuna wa likita ko da sauran kwana. Yana tsugune, yana ɓare lemon da ba zai iya sha ba.

Hadizatu ta kama kanta tana auna masa likkafani da ido, yadda ta yi wa marigayi mijinta. Ta yi istigfari, amma ya riga ya gani.

"Inna," ya ce a hankali, "maiɗakina na tahowa. Don Allah kada ki yi mini wannan kallon a gabanta."