Jif ɗin Ba Modu ta daina tashi da turi

Duk wanda ya taɓa shiga jif ɗin Ba Modu daga ƙauyukan bayan Danchuwa zuwa kasuwar Potiskum ya san kuɗin motar kashi biyu ne, akwai na aljihu, akwai na kafaɗa. Tsohuwar motar daji ce mai dogayen ƙafafu, wadda wani ofishin kula da dabbobi ya yi gwanjonta tun Modu yana da baƙin gemu. Kik ɗinta, wato abin tayar da inji, ya mutu a shekarar da ya saye ta, shi kuwa bai ga dalilin gyara abin da mutane za su yi masa kyauta ba. Batir ɗin ma ya cire ya sayar. Injin gas ne irin na da, in dai an tura ya kama, sai ya yi ta ruri har sai an shaƙe shi.

Rayuwar Modu kaf a kan turin nan aka gina ta. Potiskum ba garin tuddai ba ne, amma babu wata 'yar gangara a cikinsa da Modu bai san da zamanta ba. Filin da ya gina gida bai dubi maƙwabta ba, gangarar ƙofar ya duba. Masallacin da yake Juma'a ba don limamin ya zaɓe shi ba. Akwai wani amininsa da ya rasu a wata unguwa mai kwari, Modu ya aika da ta'aziyya ta bakin wani, don ya san masu makoki ba za su tashi su tura masa mota ba.

Shi kansa kuwa tafin hannunsa bai taɓa sanin zafin bayan motar nan ba. Yana zaune ne a kan sitiyari, gwiwar hannu a taga, goro a kumatu, yana rabon zagi. Wannan ya ce masa rago, wancan ya tambaye shi ko matarsa ta hana shi tuwo jiya. Mutanen kuma suna turawa, domin ita kaɗai ce ke ratsa yashin hanyarsu rani da damina. Gaskiya kuma abin yana da daɗinsa. Da zarar ta yi tari ta kama, sai ka ga dattawa sun tattare riguna suna gudu suna ɗarewa, ana dariya ana jawo na baya. Har Ya Kaka, tsohuwa mai sayar da wake wadda ta fi kowa daɗewa tana bin motar, takan ɗora hannu ɗaya a jikinta, wai kada a ce albarkarta ba ta ciki.

Sai ga masu keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya sun fara shiga hanyar. Suna kafewa a yashi, ba a musu, amma suna tashi da makulli, kuma ba sa zagin uban kowa. Matasa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar Modu da tsofaffin da sabo ya riƙe, su Ya Kaka da Malam Hussain mai awaki. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba shi da gona, bai iya wata sana'a ba. Ya san ranar da tsofaffin nan suka juya masa baya, ya tashi daga Ba Modu mai jif ya koma wani tsoho mai tsohon ƙarfe.

Shi ya sa ya kai ta garejin Babaji da ke bayan tashar tirela. Babaji bakanike ne da ya yi suna wajen dasa injin sabbin motocin da suka yi hatsari a jikin tsofaffi. A lokacin kuwa yana da wani inji na fetur da aka ciro daga motar wani mai hali da ta wuntsila a hanyar Damagum, da shi da giyarsa mai canza kanta. Aka yanke, aka yi walda, aka rage tsawon farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi. Ƙwaƙwalwar injin, wato ɗan akwatin da ke ba shi umarni, Babaji ya naɗe ta a leda ya cusa cikin kular abinci ya ɗaure a ƙarƙashin kujera. Abin taka kuloci aka bar shi yana reto, ba ya haɗe da komai.

Ranar da zai ba shi makulli, Babaji ya ja shi gefe ya yi masa magana biyu. Ya ce ya sayi sabon batir mai ƙarfi, domin wannan inji ba ya wasa da wuta. Sannan ya ce ya cire turi daga ransa, irin wannan giya ko garin nan duka ya taru a bayanta ba za ta tashi ba. Modu ya gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Daga nan ya zarce wajen wani mai cajin waya, ya sayi batir ɗin da mai cajin ya riga ya gama tatse shi.

Ranar kasuwa ya isa ƙauye cikin babbar riga, mota ta sha sabon fenti. Aka ɗora buhuna, aka ɗaure awaki. Mutane suka jeru a baya yadda suka saba, kowa ya kafa ƙafa. Modu ya ƙyale su sai da suka gama shiri tsaf, sannan ya murɗa makulli. Ta tashi a hankali, ko kaza ba ta firgita ba.

“Ku cire mini hannuwanku a jikin fenti,” in ji shi. “Daga yau ba na bukatar ƙarfin kowa.”

Suka shiga motar. Shi kuwa daɗi ya cika shi har wuya. Mutumin da a da ba ya kashe mota ko da za a yi sallar gawa a gabanta, yau ko gaisuwa zai yi da mai jaki sai ya tsaya ya kashe, don a ga yadda zai tayar. Ya kashe a bakin rijiya, ya kashe a gaban mai shayi. Da rana ta take, suka tarar da wani mai keke ya kafe a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen yashi yana ta haƙa da hannu. Modu ya tsaya daidai kansa, ya kashe inji don kada kalma ɗaya ta ɓace, ya ba shi shawara ya sayar da abin wasan yaran nan ya nemi aikin yi. Da ya gama ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat. Ya sake murɗawa, ko ƙyat ɗin ba ta ƙara ba.

Ya Kaka ce ta fara sauka, tana gyara ɗaurin zane. Ta ce ba komai, ai sun saba. Sauran suka bi ta, waɗanda ɗazu aka ce su cire hannuwansu suka mayar da su a kan fentin ba tare da kowa ya tuna masa ba.

Maganar Babaji tana nan daram a kan Modu, ko harafi bai manta ba. Ta taso masa har maƙogwaro. Amma ga mai keke ya daina haƙa ya zuba masa ido. Modu ya haɗiye ta, ya zare giya, ya ce su tura.

Suka tura. Yana taka mataccen kulocin nan yana saki, yana girgiza jiki gaba da baya kamar yadda yake yi a da, yana cewa saura kaɗan. A ɓoye ya sunkuya ya kira Babaji a waya, sannan ya ɗago ya ci gaba. Abin haushin shi ne, cikin ɗan lokaci har ya fara jin daɗi. Gwiwar hannu ta koma taga, zagin ya dawo bakinsa da kansa. Yashi ya yi zafi, takalmin Ya Kaka ya tsinke ta ci gaba da ƙafa. Malam Hussain ya durƙusa yana haki, ya huta, ya sake miƙewa. Can kasuwa kuwa dillalan wake na ta ɗaure buhunansu.

A haka Babaji ya same su, a kan babur, da batir ɗaure a baya. Mutum ne da ba ya tauna magana. Ya dubi tsofaffin nan sharkaf da gumi, ya dubi dogon sawun tayar da suka bari a baya.

“Ba Modu, turi kuke yi? Ai na gaya maka wannan ba ta tashi da turi.”

Hannuwa suka sauka daga jikin motar. Ya Kaka ta zagayo ta taga, takalminta a hannu.

“Modu, ya gaya maka?”

Modu ya ƙura wa sitiyari ido. Babaji, da ya ga ya yi ɓarna, ya sunkuya ya haɗa batir da sauri. Murɗa ɗaya ta tashi. Modu ya ce to, su shiga, ko a makare ai za a samu kasuwa. Babu wanda ya motsa. Malam Hussain ya hau ya kwance awakinsa, aka fara sauke buhuna ana jan su zuwa gindin wata aduwa. Biyu daga cikin mazan suka koma baya don su taya mai keke fita daga yashi.

“Shekara da shekaru kana zagin mu muna turi, ba mu ji zafi ba, don motan yana tashi,” in ji Ya Kaka. “Yau ka san ba ya tashi.”

Ta juya ta tafi inuwa. Babaji ya ja babur ɗinsa ya sulale. Modu ya zauna da inji a kunne, yana jiran ko wani zai waiwayo ya zage shi, don ya samu bakin ba da haƙuri. Injin ba shi da ƙara ko kaɗan, saboda haka yana jin duk abin da suke faɗa a gindin aduwar. Hirar farashin wake suke yi, sunansa bai fito ba ko sau ɗaya.